Birkin Ganga Da Birkin Faifai: Abin Da Na Koya A Garejin Baffana

Da yawa daga cikinmu in aka yi zancen mota, abin da ke fara zo mana a rai shi ne gudunta da kyaun jikinta. Ni ma da haka nake, har ranar da na gane cewa tsayawar mota ta fi tashinta muhimmanci. Motar da ta ƙi tashi, iyakarta ta sa a makara. Wadda ta ƙi tsayawa kuwa, sai abin da Allah ya yi. Saboda haka na ga ya kamata in ba ku labarin wani aiki da na sa hannu a cikinsa a dogon hutun da ya wuce, watau sauya birkin ƙafafun bayan tsohuwar motar mahaifina daga na ganga zuwa na faifai, in kuma bayyana muku abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya taɓa irin wannan aiki.

Motar tamu Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo, doguwar nan mai jerin kujeru uku, ta kuwa girme ni nesa ba kusa ba. An fara ƙera 504 a Faransa cikin 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta shekarar 1969. A nan ƙasar an fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna cikin 1975, aka kuwa ci gaba da yin 504 har 2006. Shi ya sa har gobe ba a rasa ta a hanyoyinmu.

Ranar da abin ya faru mun taso daga Jos za mu Lafiya gaishe da kakarmu, mu takwas a ciki, ga buhu biyu na dankalin Turawa da akwatuna a baya da kan rufi. Duk wanda ya san hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, inda hanya ke gangarowa daga kan tsaunukan Filato tana lanƙwashe-lanƙwashe. Muna tsakiyar gangara sai na ji wani wari kamar na ƙonannen ƙyalle, na ga Baba yana taka birki yana saki, yana takawa yana saki, feda kuwa tana tafiya har ƙasa ba ta kama kome. Umma ta kama salati. Allah ya taimake mu Baba bai ruɗe ba, ya sauko da giya zuwa ta biyu, ya riƙa jan birkin hannu a hankali, har muka sami wani ɗan fili muka tsaya. Muka zauna a gefen hanya kusan sa'a guda ba mai cewa uffan. Abin mamaki, da ƙafafun suka huce sai birki ya dawo kamar ba abin da ya faru.

Da muka koma gida Kaduna, Baba bai zame ko'ina ba sai garejin ƙanensa, watau Baffana, wanda tun ban zo duniya ba yake kanikanci. Ya ce masa, "Na ji an ce akwai ƙananan 504 da aka yi su da birkin faifai a ƙafafu huɗu duka. Irinsa nake so ka sa mini a baya, ka cire mini wannan gangar, don ita ta so ta hallaka ni da iyalina." Baffa ya ce, "To Yaya, a bar motar ta kwana, mu duba tukuna." Da yake hutu ya kama, Baba ya ce in riƙa zuwa ina miƙa sifana maimakon zaman kashe wando.

Mene Ne Aikin Birki?

Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sake kama. Mota mai gudu tana ɗauke da ƙarfin motsi, birki kuwa ba abin da yake yi illa ya mai da wannan ƙarfi zafi ta hanyar gogayya. In ka goga tafukan hannunka da sauri za ka ji ɗumi, to, haka abin yake. Na zauna na yi lissafi, na iske mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 cikin sa'a, in aka tsai da ita, zafin da zai fita ya isa ya kai ruwan sanyi kusan lita 2 ga tafasa, cikin 'yan daƙiƙoƙi kaɗan. In kuwa gudun ya ninka sau 2, zafin sau 4 yake ninkawa. A kan doguwar gangara zafin ba ya yankewa, domin nauyin mota yana ta janta ƙasa, birki kuma yana ta riƙe ta.

Ƙarfin ƙafar direba yana isa ga ƙafafun mota ne ta cikin mai. In aka taka feda, sai ta tura wani famfo wanda kanikawa ke kira masta, shi kuma ya matsa man birki cikin siraran bututai zuwa kowace ƙafa. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya yi zamani a ƙarni na 17, shi ya bayyana cewa in aka matsa ruwa a rufaffen wuri, matsin yakan bazu ko'ina daidai wa daida. Ruwa da mai ba sa matsuwa, amma iska da tururi suna matsuwa kamar soso. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ganga Da Faifai

Birkin ganga wani ƙarfe ne mai kama da tasa, an kife shi a jikin ƙafa yana juyawa tare da taya. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, ana kiransu takalma, an manna musu wani abu mai kaushi a baya. In an taka birki sai wani ɗan ƙaramin famfo ya buɗa su, su dafe cikin gangar. In an saki, sifirin ya jawo su su koma wurinsu. Birkin faifai kuwa faifan ƙarfe ne a fili yana juyawa, da wani abu da ya hau bakinsa kamar awartakin maƙera, kanikawa suna ce masa kalifa. A cikin bakin kalifa akwai 'yan fale-falen gogayya biyu waɗanda ake kira fad, ɗaya ta kowane gefe, in an taka sai su matse faifan kamar yadda birkin keke ke cafke bakin wili. A taƙaice, ganga daga ciki ake tokare ta, faifai kuwa daga waje ake matse shi.

Dukansu biyu sa'o'in juna ne. A 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da birkin ganga irin wanda muka sani, a cikin wannan shekarar kuma Frederick Lanchester na Ingila ya yi rajistar nasa na faifai. Amma ganga ce ta karɓu, ta yi shekara 50 tana cin karenta ba babbaka. Sai a 1953, sa'ad da wata motar Jaguar mai birkin faifai ta ci tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa, hankalin maƙeran motoci ya koma kansa. A 1955 motar Citroën DS ta fito da shi a ƙafafun gaba, daga nan ya yi ta yaɗuwa. Motarmu ma faifai gare ta a gaba, ganga a baya.

Faifai ya fi ganga ta fuskoki huɗu. Na farko, a fili yake, iska tana bugunsa, saboda haka yana saurin hucewa. Na biyu, ƙarfe in ya yi zafi buɗewa yake yi. Ganga in ta buɗe nisanta take yi daga takalma, feda ta yi zurfi, shi kuwa faifai in ya kumbura ƙara matsowa yake yi kusa da fad. Na uku, in mota ta ratsa ruwa da damina, ganga tana riƙe ruwa da laka a cikinta, faifai kuwa yana watsar da su da juyi kaɗan. Na huɗu, faifai yana daidaita kansa, kuma da an cire taya ana ganin saura nawa fad ya ƙare, alhali tsofaffin ganguna da yawa sai an riƙa matsa su da hannu.

Amma kada a raina ganga. Juyawarta tana jan takalmi ya ƙara dafewa da kansa, don haka da ɗan matsi kaɗan takan kama ƙwarai. Ga araha, ga takalmanta suna daɗewa, ga ta a rufe tsakuwa ba ta shiga, ga ta gwanar riƙe birkin hannu. Saboda haka ne ƙananan motoci da yawa da manyan motocin ɗaukar kaya suke amfani da ita. Har motocin lantarki na Volkswagen, ID.3 da ID.4, waɗanda aka fara sayarwa a 2020, ganga aka sa musu a baya.

Abin Da Baffa Ya Gano

Washegari Baffa ya buɗe murfin tankin man birki, ya tsoma tsinke ya nuna wa Baba. Man da ya kamata a gan shi garai-garai kamar man gyaɗa ya yi baƙi kamar shayi marar madara. Ya ce, "Yaya, yaushe rabon da a canja wannan man?" Baba ya ce shi dai ƙari yake yi in ya ragu, bai san ana zubarwa ba.

Man birki yana da wani hali, watau yana shan laimar iska a hankali a hankali. Bisa ƙa'ida, sabon mai irin wanda aka rubuta wa DOT 3 ba zai tafasa ba sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Selsiyos, amma in ya sha ruwa wannan iyaka takan sauko wajen 140. Mai DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa zuwa 155. Shi ya sa ake so a zubar a sake sabo bayan kowace shekara 2.

Da aka buɗe gangunan baya kuma, sai aka iske takalman sun cinye, sun yi nisa da ganga, watau kusan ba aikin da suke yi. Ke nan ƙafafun gaba su kaɗai suka ɗauki nauyin mutum takwas da buhuna a Hawan Kibo, ga shi kuma Baba ya gangaro da babbar giya, ƙafarsa a kan birki tun daga sama. Faifayen gaba suka yi zafi, tsohon man da ke cikin kalifa ya tafasa ya zama tururi. Tururi kuwa, kamar yadda na faɗa, matsuwa yake yi, shi ya sa feda ta tafi ƙasa a banza. Da ya huce ya koma ruwa, sai birki ya dawo. Baffa ya ce, "Ka gani, Yaya? Ganga ba ta yi laifi ba, barci aka bar ta tana yi. Sabon mai da sababbin takalma da ƙaramar giya a gangara, su ne maganin abin da ya same ka."

Sai dai da aka auna cikin gangunan, an iske sun cinye sun wuce iyakar da aka buga a jikinsu, ƙananan famfunan kuma suna yoyo. Ke nan ko ta halin ƙaƙa sai an kashe kuɗi. Baba ya ce tunda yana yawan bin hanyoyin tsaunuka da kaya, yana kuma ratsa ruwa da damina, shi dai yana nan a kan bakansa. Baffa ya yarda, amma ya kafa sharaɗi biyu: ba gaggawa, kuma ba wanda zai shiga motar sai ya gwada ta ya gamsu. Ya ce, "Ba na son gyaran gangar Abzinawa, a zo gyara a ɓata."

Abubuwa Biyar Da Ake Dubawa

Na farko shi ne dacewar faifai. Ƙafar 504 ƙusoshi 4 gare ta, a jere kan da'ira mai faɗin milimita 140, alhali ƙananan motoci da yawa tasu 100 ce ko 114.3. Don haka ba kowane faifai zai shiga ba. Muka je kasuwar Panteka muka samo faifaye da kalifofin baya na ƙaramar 504. Baffa ya auna kaurin kowane faifai, domin shi ma yana da iyakar da ba a so ya yi ƙasa da ita, ya sake wa kalifofin robobi, ya kuma tabbata ba za su gogi cikin rim ba.

Na biyu shi ne mariƙin kalifa. Ƙaramar 504 mai faifai huɗu kowace ƙafar bayanta da nata hannun, tamu kuwa aksul guda ne, watau wani dogon ƙarfe da ya haɗa ƙafafun baya biyu, ba shi da wurin ɗaura kalifa. Dole a ƙera mariƙi. Baffa ya zana shi a kwali, aka kai wa masu injin yankan ƙarfe suka fitar da shi daga farantin ƙarfe mai kauri, suka huda ramukan daidai. Bai yarda da tarkacen ƙarfe da walda ba, domin duk ƙarfin tsai da ƙafa a kan wannan mariƙi yake sauka. Ƙusoshin ɗaure shi ma sai da ya zaɓi masu lamba 10.9 a ka, waɗanda suka fi na yau da kullum ƙarfi.

Na uku shi ne masta. Kalifa ta fi ɗan famfon ganga shan mai, kuma duk sa'ad da fad ya ci, man tanki yana ƙara sauka. In masta ya yi ƙanƙanta, feda za ta yi zurfi. Bugu da ƙari, tsofaffin motoci da yawa suna da wani ɗan bawul da ke tsare ɗan matsi a bututun ganga ko an saki feda. Ganga ba ta damu ba, domin sifirin ya fi ƙarfinsa. Faifai kuwa ba shi da irin wannan sifirin, in aka bar bawul ɗin fad zai yi ta goga har ƙafa ta yi zafi. Lalle ne a bincika, in akwai shi a cire.

Na huɗu shi ne birkin hannu. Mutane da yawa sukan manta da shi sai an gama aiki. Ko dai a sami kalifa mai hannun da waya ke ja, irin wadda muka samo, ko a sami faifai mai 'yar ƙaramar ganga a tsakiyarsa. Motar da ba ta da birkin hannu bai kamata ta hau titi ba. Mu da ya taimaka wajen cetonmu mun fi kowa sanin haka.

Na biyar, wanda ya fi duka, shi ne daidaito tsakanin gaba da baya. Wannan sai a wurin gwaji na gane shi sosai.

Aikin Kansa

Aka ajiye mota a wuri mai shafe, aka tokare tayoyin gaba, aka ɗaga baya da jak, sa'an nan aka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Baffa ya ja kunnena ya ce kada in kuskura in shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Da na sunkuya zan hure ƙurar cikin ganga, ya daka mini tsawa. Ashe tsofaffin takalman birki da yawa da wani ma'adini mai suna asbesto aka yi su, wanda ƙurarsa ke lalata huhu har ta jawo ciwon daji. Da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta.

Aka cire ganga da takalma da sifirin da ɗan famfo. Farantin da suke zaune a kai bai fita ba sai da aka zaro sandar da ke juya ƙafa daga cikin aksul. Tunda an riga an buɗe, Baffa ya sake robar da ke tare man aksul, domin in mai ya ɗiga a kan faifai birki ya tashi daga aiki. Aka ɗaura mariƙi, aka mai da sanda, aka sa faifai, ya kafa wani agogon awo a jikinsa yana juyawa a hankali don ya tabbata ba ya rawa. Faifai mai rawa shi ke sa feda ta riƙa karkarwa a ƙarƙashin ƙafa.

Ni aka ba ɗaura kalifa, na kuwa ɗaura ina jin kaina. Baffa ya duba ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko, iska sama take hawa ko ƙasa take sauka?" Na ce sama. Ya ce, "To, don me ka sa ƙofarta a ƙasa?" Ashe na sa ta dama a hagu, ta hagu a dama, ɗan nonon da ake fitar da iska ta cikinsa ya koma ƙasa. Da an bar shi haka, ko kwana aka yi ana fama iska ba za ta fita duka ba. Na kwance na sake. Aka haɗa kowace kalifa da sabon tiyo mai lanƙwasuwa, aka bi da shi inda ba zai taɓa taya ko salansa ba, aka kuma haɗa wayar birkin hannu.

Daga nan sai fitar da iska da tsohon mai. Na zauna a kujerar direba, Baffa yana ƙasa da sifana yana cewa, "Taka! Taka! Riƙe! Saki!" Akan fara ne da ƙafar da ta fi nisa da masta. Da yake sitiyarinmu a hagu yake, muka fara da ta baya ta dama, sa'an nan ta baya ta hagu, sa'an nan ta gaba ta dama, muka ƙare da ta gaba ta hagu. Wani yaron gareji yana tsaye yana ƙara mai don kada tanki ya ƙafe iska ta sake shiga. Muka yi ta yi har mai ya fito garau ba kumfa, feda ta yi tauri. A nan na koyi cewa man birki yana cin fenti, kuma ko ɗigon man inji bai kamata ya shiga cikinsa ba, don yana kumbura robobi.

Ranar Gwaji

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Muka sami wani fili mai jar ƙasa a bayan gari, ba mutum ba dabba. Ni da Baba muka tsaya gefe, Baffa ya taho shi kaɗai da gudun da bai wuce kilomita 40 ba, ya danna birki. Nan take tayoyin baya suka ƙame, ƙura ta tashi, gindin mota ya wulwulo, sai ga ta ta juya tana kallon inda ta fito. Baba ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi! Da a kan titi ne fa?"

Ga dalili. In mota ta taka birki, nauyinta gaba yake tafiya, kamar yadda fasinja ke rusunawa gaba. Tayoyin gaba su ƙara dafe ƙasa, na baya su yi sakayau. Don haka ƙafafun gaba ke yin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na aikin, wani lokaci ma fiye. Tayar da ta ƙame tana jan ƙasa ba ta da sauran riƙo ta gefe. In na gaba suka ƙame, mota za ta zarce sak, sai dai sitiyari ya ƙi ji har a ɗan sassauta feda. In kuwa na baya suka riga ƙamewa, ba abin da ke riƙe gindin mota, sai ta juya. Saboda haka maƙeran motoci suke tsara birki yadda gaba zai riga baya kamawa, suna sa wani bawul da ke rage matsin da ke zuwa baya. A motoci irin tamu a ƙarƙashi yake, an haɗa shi da aksul, in mota ta yi nauyi ta zauna sai ya ƙara buɗewa, in ba kaya ya rage.

Da Baffa ya shiga ƙarƙashi ya bi bututu, sai ya iske wani bakanike a can baya ya cire wannan bawul ya haɗa bututun kai tsaye. Muddin ganguna suna barci ba wanda ya lura, da sabon faifai ya zo da ƙarfinsa sai asiri ya tonu. Aka nemo wani aka sa, aka yi ta gwaji ana daidaitawa: ba kaya, da buhunan yashi, a kan ƙasa, a kan kwalta, har a kan jiƙaƙƙen wuri, sai da ya zamana kullum tayoyin gaba ke fara kuka, motar kuma ta tsaya a miƙe. Motocin zamani suna da na'urar da ke hana taya ƙamewa, amma tsofaffi irin tamu ba su da mai ceto sai wannan daidaito. A ƙarshe Baffa ya yi ta rage gudu yana sake tashi sau da yawa ba tare da tsayawa cak ba, don fad da faifai su saba da juna.

Riba Da Hasara

To, me muka samu bayan mako biyu na wahala? Gaskiya ɗaya ce. A tsayawar gaggawa guda, faifan baya ba ya rage tazara sosai a kan ganga mai lafiya, domin iyakar birki ita ce riƙon da taya ke yi wa hanya. Ribar tana wajen jimiri: birkin yana nan yadda yake ko an taka shi sau da yawa a jere, yana dawowa da wuri bayan an ratsa ruwa, duba shi kuma ba wuya. Hasarar kuwa, birkin hannu sai an ƙara jansa da ƙarfi, kuma kayan gyaran ƙafafun baya sun zama na wata mota dabam. Shi ya sa Baffa ya sa na rubuta duk abin da aka sa a wani ɗan littafi aka ajiye cikin motar, don bakaniken da zai taɓa ta nan gaba. A ƙasashe irin su Jamus ma, motar da aka yi wa irin wannan sauyi ba ta hawa titi sai masu binciken motoci sun duba sun amince.

Saboda haka shawarata ga iyayenmu masu tsofaffin motoci ita ce, kafin ku ce a sauya, ku fara da mai sauƙi: sabon man birki, takalma masu kyau a matse daidai, lafiyayyun tiyo da tayoyi, da ƙaramar giya a gangara. In bayan haka bukata ta kama, to a ba wanda ya san aikin, a tambaye shi waɗannan abubuwa biyar, kada kuma a ɗauki iyali sai an gwada a fili. Mu kuma ɗalibai, kada mu ɗauka kimiyyar da muke koya ta cin jarrabawa ce kawai. Ni dai a ƙarƙashin mota na sake gamuwa da darasin da na yi gyangyaɗi a kansa cikin aji.

Kafin a koma makaranta mun sake bin hanyar Lafiya. Da muka iso Hawan Kibo na zuba wa ƙafar Baba ido. Tun daga sama ya sa giya ta biyu, inji yana gurnani yana riƙe da motar, shi kuwa sai jefi-jefi yake taɓa birki, har muka sauka lafiya. Da na ba Baffa labari ya ce, "Madalla. Wannan gyaran ya fi wanda na yi, kuma ko kwabo bai ci ba."

Nan zan tsaya. Allah ya kiyaye mu daga haɗarin hanya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.